Ranar da Ishaya Ya Zo da Guduma

Ni tela ne a Ƙofar Atiku, kuma ba na shiri da magina. Su ci tuwonka, su bar maka bango a karkace. Amma Ishaya, wani Kirista mutumin Zuru, shi kam na cire shi daga cikinsu.

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, kowa ya raina ginin laka. Alhaji Maccido mai hatsi ya sa Ishaya ya gina masa shagon siminti da baranda, ginshiƙai biyu a gaba, sumul kamar ƙwai. Har daga unguwar Minanata ake zuwa kallo. Ɗiyar Alhaji, Dijatu, ta mai da inuwar barandar wurin wasanta da ƙawayenta. Labari ya kai bariki, wani manjo ya ce zai zo ya gani, in ginin ya yi masa, Ishaya ne zai gina gidajen soja. Aiki ne da zai riƙe shi har tsufa.

Ran Litinin da hantsi manjo ya iso cikin motarsa jif. Sai ga Ishaya da guduma a kafaɗa, idanunsa sun kumbura. Ya lallashi yaran suka fita, ya tokare rufin da katako. Ina kallo daga shagona, na ce a raina, to, yau kuma gwaninta za a yi mana.

Ya ɗaga guduma ya bugi ginshiƙi. Shafen ya fashe, cikin ya zubo kamar garin gero. Yashi ne zalla, simintin ɗan kaɗan ne.

"Ni na yi wannan," ya ce wa Alhaji. "Na rage simintinka na sayar, na rufe da shafe. Da damina ta yi nisa, sai ya faɗo."

Alhaji ya dubi yashin da ya zube, ya ce, "Wa ya tambaye ka? Da ka yi shiru, ba mai sani."

"Jiya na yi kuka a coci, na roƙi Ubangiji gafara, na fito zuciyata wasai. Na biyo ta nan, na ga Dijatu tana barci a gindin wanga ginshiƙi. Sai na gane kukana bai ƙara masa ƙarfi ba."

Wallahi tsikar jikina ta tashi. Na sha ganin masu kukan tuba, ni ma na yi, amma ban taɓa ganin mutum ya rushe abincinsa da hannunsa a gaban jama'a ba. Na ji tsoron Allah ya kama ni, na tsayar da keken ɗinkina.

Manjo ya kaɗe yashi daga takalminsa, ya hau jif, bai ƙara waiwayo ba. Alhaji ya daina amsa gaisuwar Ishaya. Shi kuwa ya sayar da kekensa na hawa ya sayo siminti, ya riƙa zuwa a ƙafa, yana kwaɓi shi kaɗai, mutane na nuna shi da baki.

Da ginin ya bushe, Alhaji ya karɓi gudumar da kansa, ya zage ya maka wa ginshiƙin. Gudumar ta yi tsalle ta dawo, ko ɓarɓashi bai faɗo ba. Bai dubi Ishaya ba, ya leƙa cikin shagon.

"Dijatu," ya ce, "ɗauko tabarmarki ki koma inuwa."