Haƙoran Tunkiyar Attaher

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da kimiyya a wata kwalej ta Dakoro, kuma ban taɓa bari wani uba ya cire mini yarinya daga aji ba sai mun kai ruwa rana. Iyayen gari sun san hali. Shi ya sa in wasunsu suka hango Madam Hamdiya a kan babur, nan take sukan tuna suna da uzuri a wani lungu.

Bara aka kawo wa makarantarmu tablet shida, aka tura ni Maraɗi horo na kwana biyar a kan abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da za ka yi wa tambaya da baki ko da rubutu, ko ka nuna mata hoto, ta amsa maka kamar mutum. Na dawo ina taƙama, sai na tarar yaran sun riga ni. Suna da ita a salular yayyensu, da ita ma suke yi mini aikin gida. Na ce kowa ya bayyana rijiyar garinsu, sai mutum goma sha tara suka kawo mini rijiya ɗaya, da ciyawa shar a gefenta da tsuntsaye suna waƙa. A Dakoro ke nan, a watan Maris. Ban hana su ba, don hana yaro abin da ke aljihun yayansa wahalar banza ce. Na dai ce kowace Laraba za mu zauna mu yi wa na'urar tambayoyi, duk wanda ya kama ta da kuskure, ya kuma kawo hujja, yana da maki biyu.

Wadda ta fi kowa cin makin nan ita ce Lalla, 'yar ajin ƙarshe, siririya, ba ta da yawan magana. Ita ba ta gardama da na'ura. Za ta saurara har ƙarshe, ta buɗe littafi ko ta ɗauki alli ta lissafa, sannan ta ɗaga hannu a hankali kamar mai jin kunyar ta ba babba kunya. Saura wata uku ta rubuta jarrabawar fita, kuma na riga na gama ganin ta a lise, babbar sakandare.

Wata Litinin bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Madam, Abba ya ce wanga sati shi ne na ƙarshe. Zan koma Rumbu wajen kakata."

Ban tsaya cin abincin rana ba. Na same shi a kasuwar dabbobi, ƙarƙashin wata rumfa, yana shan shayi. Malam Attaher dillali ne, dogo, ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu saboda rawani. Mutanen arewa ne da suka zauna a gari tun zamanin mahaifinsa, amma har yau garkensa na can daji. A kasuwar nan in ya buɗe bakin dabba ya faɗi shekarunta, magana ta ƙare.

Muka gaisa, ya miƙo mini ɗan kofi. Na shiga bayani, ya bar ni har na gaji, sannan ya zaro salula daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

"Madam, wanga abin ya san Faransanci, ya san lissahi, har Larabci ya sani. Da Hausa nike tambayar shi, ya ba ni amsa. To mi ya rage a lakwal, makarantar taku, wanda babu cikin shi? Tsohuwata na can ita kaɗai da awaki, ƙahwahunta sun gaji, babu mai tatsa, babu mai yi ma ta cuku. In Lalla ta buƙaci sani, ta tambayi salula."

Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsa duka ba, don maganar tsohuwar tasa gaskiya ce ba tatsuniya ba. Na ce, "Malam Attaher, abin ga yana kuskure."

"Ni bai taɓa yi mini ba."

"To ka zo jibi da tunkiya ɗaya, wadda ka ga dama. Mu ga kai da shi wa ya san shekarunta."

Idanunsa suka yi dariya. Ya ce zai zo. Na hau babur ina yaba wa kaina wayo. Lissafina mai sauƙi ne: na'ura ta faɗi a gabansa, ya daina dogara da ita, Lalla ta zauna. Ban duba bayan lissafin ba.

Ranar Laraba na fito da ajin duka ƙarƙashin bishiyar bedi, inda aka rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake bugawa in lokacin tashi ya yi. Attaher ya iso yana jan wata tunkiya uda, gabanta baƙi, bayanta fari, jikinta sumul, ka ce bana aka haife ta. Ya ɗaure ta a gindin bishiyar.

"Mu haƙora muke dubawa," in ji shi. "A ba shi haƙora."

Ya kama haɓarta, ya zame leɓen ƙasa da babban yatsa. Na ɗauki hoto da tablet, na tambaya da murya yadda kowa zai ji. Na'ura ba ta yi wata-wata ba. Ta ce tana ganin ƙananan haƙora takwas, duk na nono ne, babu babba ko ɗaya da ya fito, saboda haka tunkiyar ba ta cika shekara ba, watanninta takwas zuwa goma. Ta kawo bayani tsaf, da sharaɗin cewa hoto kaɗai take gani, amma sharaɗin a ƙarshe ya zo, da ƙaramar murya irin ta mai sayar da magani.

Attaher ya saki haɓar tunkiyar ya shafa kanta.

"Wagga ta haihu sau bakwai. Shekarunta takwas da damina guda. Haƙoran ga manya ne, rairayi ya cinye su. Ciyawar arewa gajera ce, bisa tana kiwo tana haɗawa da ƙasa, shekara da shekaru har su koma ƙanana. Ku dubi rata tsakaninsu. Ku dubi kala. Na nono hwarare ne, a jere suke kamar hatsi a zangarniya."

Yara suka yi ca, kowa na son leƙawa. Aka yi ta tafi. Ni kuwa har na fara shirya jawabin nasara, na gyara mayafi, na buɗe baki, sai ya riga ni.

"To Madam, na gode. Da ina tsammanin salula ta hi ni sani, yanzu kin nuna mini ni na hi ta. Ni kuwa ban taɓa zama lakwal ko yini ɗaya ba. Abin da na sani a daji na koye shi, kuma dajin za ta tahi. Lalla, ɗauko jakarki."

Na je neman ƙiba na samo rama. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. In na'ura ta ci, makaranta ba ta da amfani. Yanzu ta faɗi, makaranta ba ta da amfani. Da hannuna na ɗinka masa rigar, ya sa, ta yi masa daidai. Ni da ake gudu saboda baki, na tsaya riƙe da tablet ina kallo.

Lalla ta shiga aji ta fito da jakarta. Ta zo kusa da shi ta ɗan durƙusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Abba, maganin tsutsar ciki da za a ba tumaki gobe, wa ya hwaɗa maka yawan da za a ba su?"

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Ya fito da wata farar kwalba, ya juya ta, ya sake juyawa. Rubutun jikinta duk Faransanci ne.

"Salula," ya ce.

"Nawa ta ce?"

"Layi na biyar a sirinji. Kowace tunkiya."

Ta miƙa hannu biyu ta karɓi kwalbar. Ta karanta a hankali tana bi da yatsa, sannan ta dube ni. "Madam, an rubuta mililita ɗaya ga kowane kilo goma. An ce kar a wuce, musamman ga ƙanana da masu ciki. Biyar na tunkiya mai kilo hamsin ne."

Sai a lokacin kaina ya dawo. Na ce a ɗauko mini tef ɗin awo daga kabad. Tun farkon shekara na koya musu yadda ake ƙiyasta nauyin dabba ba tare da sikeli ba: a auna zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba, a auna tsawon jiki, a lissafa. Lokacin suna ta gunaguni wai na mai da su makiyaya. Lalla ta zagaya tef a ƙirjin udar, ta tsuguna ta yi lissafin a ƙasa da tsinke, a gaban ubanta, ba ta yi sauri ba.

"Kilo talatin da huɗu. Ko wannan uwar tasu uku da rabi ya ishe ta. 'Yan bana da ke cikin garke ba su wuce kilo ashirin ba, Abba. Biyu ne nasu."

"Ke nan ƙarya ta yi mini."

"A'a. Ba ka hwaɗa ma ta nauyinsu ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Sai ta ɗauko tunkiyar wata ƙasa ta ba ka."

Ta karɓi tablet daga hannuna, ko izini ba ta nema ba, kuma na yafe mata. Ta ɗauki hoton rubutun kwalbar, ta rubuta nauyin, ta ce tumakin Sahel ne, akwai ƙanana, akwai masu ciki. Amsa ta fito daidai da abin da ke rubuce a ƙasa, har da shawarar a nuna wa likitan dabbobi kwalbar kafin a ba masu ciki. Lalla ta fassara masa kalma-kalma, ba ta rage ba, ba ta ƙara gishiri ba.

"Su nawa ne ƙananan?" na tambaye shi.

"Ashirin da shida."

Mutumin da ya san darajar dabba ba ya buƙatar malamar kimiyya ta lissafa masa abin da ya kusa faruwa. Ya daɗe yana kallon lambobin da ke ƙasa, waɗanda ba zai iya karantawa ba. Sannan ya zaro salular ya riƙe ta a tafin hannu, yana juya ta yadda yake juya kan rago a kasuwa.

"Bisa, in na yi shakkar maganar mai ita, sai in buɗe bakinta in duba. Wanga abin, Madam, ina haƙoran shi?"

Ina da amsa doguwa, har da misalai uku. Allah ya taimake ni na riƙe bakina. Na ce, "Su muke koyon dubawa a nan, kowace Laraba. Ita ta hi kowa iyawa."

Bai dube ni ba. Ya karɓi kwalbar daga hannun 'yarsa, ya sa ta nuna masa layi na biyu da na uku da rabi a jikin sirinji, ya yi wa kowanne zane da farce. Ya ce zai biya ta wajen likitan dabbobi kafin ya wuce daji. Ya yi wata magana da harshensu na mutanen arewa, rabi da kansa yake, na dai tsinci sunan tsohuwarsa da na wata ƙanwarsa da ke Ɗan Gulbi. Na gane yana neman wanda zai je Rumbu, kuma na gane ba abu ne mai sauƙi ba.

Ya kwance udar ya kama hanyar ƙofa. Lalla ta rataya jaka ta bi bayansa, kanta a ƙasa, don har lokacin bai janye maganarsa ba, ita kuma ba yarinyar da za ta tambaya ba ce. Na ƙirga takunsu, goma sha ɗaya, sha biyu. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo, ya dube ta daga sama har ƙasa, sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen da ke rataye a bedi.

"Ina za ki? An buga ƙarhe ne?"

Ta tsaya cak. Shi kuwa ya ja tunkiyarsa ya fita, bai waiwayo ba.

Na daka wa yaran tsawa su koma aji, tsawar da ba su yi laifin da ya kai ta ba, don kar su ga idona ya kawo ruwa. Lalla ta zauna a bencinta na biyu, ta fito da littafi. Na buɗe rajista na sa mata maki biyu na kuskuren na'ura. Na ɗan tsaya, sannan na ƙara mata biyu na nawa.