Littafin Balaga Kafin a Rufe Gada

Muhajir yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa Fadila, babbar 'yarsa, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Baba, in ka tsallaka Khartum ka sayo mini littafin balaga. Yau ɗin nan, don Allah. An ce gobe za a rufe gadoji saboda zanga-zanga."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar takalmin. Ya saci kallon ɗaki, inda Amani, autarsa mai shekara goma sha biyu, take kwance ta ba wa ƙofa baya. Kwana uku ke nan ba ta je makaranta ba, ciwon ciki kawai take cewa. Ya ce to, ya fita da sauri kamar ana korarsa.

A cikin motar haya daga Umdurman ya kasa zama waje ɗaya. Ashe lokacin ya zo. Da matarsa Kubra tana da rai, da ta ja yarinyar ɗaki sun gama maganarsu ba tare da ya ji ko da tari ba. Shekara biyu da rasuwarta, yau ga 'ya'yanta suna neman a takarda abin da uwa ke faɗa da baki. Fadila tana jami'a, ta fi shi sani nesa ba kusa ba, amma ita ma ɗin yarinya ce.

A garejinsu na Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya kama walda, hankalinsa na gida. Sau biyu yana liƙa ƙarfe a karkace yana sake yankewa. Ana sallar azahar ya wanke hannu da fetur da sabulu, ya ce wa maigidansa yana da uzuri, ya hau raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa inda masu littattafai ke baje kayansu a ƙasa kusa da babban masallaci.

Nan fa aiki ya tashi. Yaya namiji mai furfura a gemu zai tsaya a tsakiyar mutane ya nemi irin wannan littafi? Kuma da Larabci zai yi magana. Kalmar ya san ta, ya sha jin ta a wa'azi: bulug. Ya riƙa nanata ta a ransa yana tafiya. Ya wuce layin har ƙarshe, ya dawo, ya sake wucewa.

"Ya Hajj!" wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare ya kira shi. "Sau uku ke nan kana wuce ni. Littafi kake nema, ko fili kake auna mini?"

Muhajir ya tsuguna kusa da shi har gwiwarsu na haɗuwa. Suka gaisa, tsohon ya ce sunansa Mahir.

"Littafin bulug nake so," Muhajir ya faɗa can ƙasa. "Na 'ya'ya mata. Uwarsu ta rasu."

Mahir ya daina murmushi. Ya yi wa mamaciyar addu'a, ya tura hannu ƙarƙashin wani tuli ya zaro ɗan ƙaramin littafi mai koren bango. Bai bari kowa ya gani ba, ya naɗe shi a tsohuwar jarida ya miƙa masa.

Muhajir ya koma gindin wata bishiya ya kira gida, zufa na bin bayansa.

"Na samo."

"Alhamdu lillahi! Mai juzu'i nawa ne, Baba?"

"Wane irin juzu'i? Ɗan siriri ne."

"Siriri? Karanta mini abin da ke bango."

Ya waiga hagu da dama, ya buɗe gefen jaridar, ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya koya a allo. Hukunce-hukuncen tsarki ne ga yarinyar da ta kai munzali. Sai dariya ta kufce wa Fadila, irin wadda ya daɗe bai ji a gidansa ba.

"Wayyo Baba! Balaga na ce, balaga ta jami'a! Ilimin iya magana. Ranar Alhamis nake da jarrabawa, na ɗakin karatu an riga ni ɗauka."

Kunnuwansa suka yi zafi. "To me ya hana ki ce jarrabawa tun da safe?"

"Ai ka fita kamar an kunna maka wuta."

Ya koma wurin Mahir wayar na hannunsa, bai ma kashe ba. Ya yi masa bayani a daddafe. Tsohon ya cire tabarau yana share hawayen dariya da hannun riga.

"Ya zol, bawan Allah, ai da ka faɗe ta yadda aka faɗa maka da tuni kana mota. Kalmar tamu ce, ku kuka ara cikin harshenku kuka ɗora mata wani kaya. Kai kuma ka zo ka fassara mini Larabci zuwa Larabci!" Ya juya ya fara jawo littattafai yana kaɗe musu ƙura. "To wace balagar? Ga ta Alƙur'ani. Ga ta masu falsafa, yadda ake kayar da mutum da hujja. Ga ta mawaƙa. Wannan kan huɗuba ne. Wannan kuma wani malami ne ya zauna ya rubuta yadda mata ke zambo a gidan biki da yadda ake ciniki a kasuwa."

Muhajir ya dubi tulin, kowane ɗaya ya kai bulo kauri. Ya miƙa wa tsohon wayar. Mahir da Fadila suka shiga wani Larabci da bai taɓa ji a gareji ba, suna jefa wa juna sunaye, tsohon yana kaɗa kai yana cewa madalla. Shi kuwa yana tsaye yana sauya ƙafa, yana kallon rana tana yin ƙasa, yana jin masu wucewa na cewa ƙila ma a rufe gadar tun yau da yamma.

A ƙarshe Mahir ya zaɓo ɗaya mai baƙin bango. "Wannan take so. Yarinyar nan taka ta san abin da take yi."

"Wai mene ne a ciki haka?"

"A taƙaice? Ka san wanda ke gabanka, ka san halin da yake ciki, sannan ka faɗa masa abin da ya dace da shi, ba ƙari ba ragi."

"Shi ke nan? Duk kaurin nan?"

"Shekara talatin ina sayar da su, har gobe matata cewa take ban iya magana ba."

Muhajir ya karɓi wayarsa, ya miƙa wa tsohon ƙunshin jaridar zai mayar. Sai ya ji muryar Fadila, wannan karon ƙasa-ƙasa, alamar ta fito tsakar gida.

"Baba, wancan na farkon. Kada ka mayar."

Ya janye hannunsa a hankali.

"Na faɗa wa Amani iya abin da na tuna Inna ta faɗa mini, amma na manta rabi. Tana ta tambaya kan sallah, ni kuma ina tsoron in faɗa mata ba daidai ba."

"Ta san na sani?"

"Shi ya sa ba ta fitowa in kana gida."

Da ƙyar ya samu tsayuwa a motar Umdurman, littattafan biyu a hammata. A bakin gada motoci suka cushe, kwandasta na zagin direban gaba, kowa na miƙa wuya ya ga ko an rufe. Muhajir yana ta shirya maganar da zai yi wa Amani. Ya fara da aya, ya ga ba zai iya kai ta ƙarshe ba. Ya fara da sunan Kubra, ya fasa. Ya gwada da Larabci, ya ji kamar likita. Motar ta motsa, suka hau kan kogi, bai tsayar da ko jimla ɗaya ba.

Ana kiran magariba ya shiga gida. Fadila ta karɓi littattafan biyu ba ta dube shi ba, ta tura ƙaramin cikin mayafinta. Ya je ƙofar ɗakin ya tsaya, ya ɗaga hannu zai taɓa labule, ya sauke.

"Auta," ya ce, "kin ci abinci?"

Muryar Amani ta fito daga ciki ƙasa-ƙasa.

"A'a, Baba."

"To taso mu ci. Ni ma tun safe ban sa komai a bakina ba."

Ya ji gadon ya yi ƙara, sannan ƙafarta na laluben silifa.