Ruwan Salansa a Bakin Kwata

Sirajuddeen na tsugune a gindin tankin roba yana cusa tsumma cikin tsagar, ruwan kuwa sai bulbulowa yake ta tsakanin yatsunsa. Tifar Usaini ce ta ja da baya ta daki tankin. Ruwan salansa ya riga ya malale a kan simintin garejin, garau kamar na famfo, yana neman gangara.

Garejin na wani kamfani ne mai gyaran hanya tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, Sirajuddeen ne ke kula da shi. Sababbin tifofin kamfanin ba sa tafiya sai an zuba musu wannan ruwa a wani ƙaramin tanki, don ya rage dafin hayaƙi.

Usaini ya sauko daga mota yana sosa ƙeya. "Malam Siraju, bari in jawo tiyo mu kora shi kwata. Ai ramin nan naka na tace mai zai tace shi."

"Mai kaɗai ramin ke kamawa."

"To wannan ɗin ba na mota ba ne?"

Sirajuddeen ya ƙara danna tsumman. A garejin nan kowa ya ɗauki ramin tace mai kamar mai wanke zunubi. Wankin inji, ruwan batir, har ragowar miya, duk can ake turawa. Alhali dabarar ramin ɗaya ce: mai yana tasowa saman ruwa, sai ya maƙale, ruwa ya wuce ta ƙasa. Wannan kuwa ba ya tasowa. Zai gauraya da ruwa ya wuce abinsa, wataƙila ma ya dama baƙin man da ya taru ya tafi da shi. Daga ramin sai kwata, daga kwata sai kududdufin bayan gareji, inda Hamma, wani makiyayi, ke shayar da shanunsa kullum bayan la'asar.

"Yuriya ce a ciki," in ji Sirajuddeen. "Irin ta takin zamani."

Usaini ya washe baki. "Kai, ai alheri ne. Ciyawar Hamma ta yi kore kyauta."

"Ka taɓa ganin saniyar da ta sha ruwan taki?"

Shi Sirajuddeen ya gani, a Tamawa. An bar buhu a bakin gona, ruwa ya doke shi, saniya ta lashe. Kafin a nemo wuƙa cikinta ya kumbura kamar ganga.

Ya ɗaga kai. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta fara kwasar ledoji. Ya goge hannu a wando ya kira direban tifar yashi ya zo ya juye yashi ya shanye ruwan, aka ce har yanzu tana rafi ana lodi. Ya tashi, ya je bakin kwata, ya dawo, ya sake komawa. In ruwan sama ya sauka kafin yashi ya iso, duk abin da ke kan simintin zai bi ta wannan baki.

"Ɗauko buhunan siminti, waɗancan na banza. Mu cika su da ƙasa mu toshe nan."

Usaini ya dubi kwatar, ya dubi rumfar da ke jingine da katanga daf da ita. "Kai za ka faɗa wa Inna. Ni ina da iyali."

Inna Yahanasu ta girmi garejin a wurin. Tun ana fili take sayar da shinkafa da wake a wannan kusurwa, da aka zo yin katanga sai aka zagaye da ita. Rumfarta ce a mafi gangare. In aka toshe kwata, ruwa ba shi da masauki sai wurinta.

Ya same ta tana iza wuta ƙarƙashin tukunyar yamma. Ya rusuna ya yi mata bayani. Ta bar shi ya gama.

"Siraju, wannan ruwan da nake gani fari fes?"

"Shi, Inna."

"Ka tabbata zai kashe saniya?"

Kududdufin babba ne, damina ta cika shi. Mai yiwuwa ruwan ya tsinke a ciki, ko akuya ba za ta ji komai ba. Mai yiwuwa kuma ya taru a bakin da kwata ke zuba, daidai inda shanun ke fara sa baki.

"Ban tabbata ba."

"Amma ka tabbata zai kashe mini wuta."

"Na tabbata."

"To ka ji." Ta ci gaba da iza itacenta. "Ka aika wa Hamma kada ya zo yau mana."

"Ba shi kaɗai ke shayarwa ba, Inna. Kuma ba yau kaɗai ba."

Ya tsaya a kanta yana juya abin. Ita yana ganinta, ya san ɗanɗanon girkinta, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ita ta aiko masa da kunu. Shanun kuwa ko adadinsu bai sani ba, Hamma ma gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Cutar da za ta same ta tabbas ce amma ƙarama, waccan babba ce amma ba tabbas. Ya rasa ma'aunin da ake ɗora irin waɗannan biyun a kai.

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon rumfar. Ya juya ya kama shebur.

Suna danna buhu na ƙarshe ruwa ya tsuge. Simintin ya cika nan da nan. Ruwan ya zo bakin kwata, ya yi tsaye, ya juya ya nufi rumfa. Ya ɗaga tabarma, ya tafi da silifas ɗaya, ya shiga murhu. Wutar ta yi huci ta mutu, shinkafar ko tafasa ba ta yi ba. Inna Yahanasu ta hau benci ta tattare zanenta. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Saniya ta fi ni ke nan," ta ce.

Ya cire hula ya naɗe ta gammo. Usaini ya taya shi ɗora tukunyar, Sirajuddeen ya ratsa ruwan da ita a ka zuwa ofishinsa, ya dawo ya kwashi kwanuka da itacen da bai jiƙe ba.

Bayan la'asar ruwan ya tsagaita. Usaini, da ke tsaye a bayan tifa, ya kira shi. "Malam Siraju, zo ka ga mutanenka."

Ya hau ya leƙa ta saman katanga. Ga shanun Hamma can sun bazu a gefen hanya, kowace ta sa baki a ɗan ruwan da ya kwanta a gabanta. Babu wadda ta kalli kududdufi. Hamma na bayansu da sanda a wuya, ya kora su suka yi arewa.

"Sun ƙoshi," in ji Usaini. "In janye buhu ɗaya? Ko rumfar Inna ta tsane."

Sirajuddeen ya dubi rumfar. Inna na nan zaune a kan benci, ruwa na lasar ƙafafunsa, idonta a kansa.

"Bar shi," ya ce. Ya sauko cikin ruwan, ya ciro waya ya sake kiran mai yashi.