Wuta a Ƙarƙashin Ruwa

Injiniya na kwance rub da ciki a bayan jirgin, rabin jikinsa cikin ramin batir, yana fama da wata jar waya da ta ƙi shiga kafarta. Duk sanda ruwa ya ɗaga jirgin sai wayar ta kuɓuce masa. Shekara goma sha biyu yana aikin wuta a gidaje da motoci, bai taɓa aiki a kan abin da ke rawa ba, ga shi ko iyo bai iya ba.

Dogo, mijin yayarsa, shi ya samo masa aikin. Dogo mai nutso ne, yana kankare gindin jirage, yana warware igiyar da ta naɗe farfela. Mai wannan jirgin ya sayo fitilu huɗu masu shuɗin haske, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin ruwa, yana so a gama haɗa su kafin baƙinsa su iso. Dogo na ɗaure su ta waje, Injiniya na haɗa wayoyi ta ciki.

Kan Dogo ya ɓullo a gefen jirgin, ya tofar da ruwa.

"Ƙanin matata, ka yi aman ne ko da saura?"

"Bari dai in gama. Ni da ruwa sai a kofi."

"Ku gidanku gado kuka yi. Yayarka ma ko bokiti ta gani cike sai ta yi salati." Ya share fuska yana dariya. "Saura ɗaya in ƙara ɗaure ta. Ba dai za ka gasa ni ba ko?"

"Wutar batir ce, ko kaza ba za ta ja ba."

Dogo ya ja numfashi ya sake nutsewa.

Injiniya ya saka fis, ya danna makunni. Fitilun suka kama, amma dishi-dishi. Mai jirgin, wanda ke tsaye a kan gadar katakon da ake ɗaure jirage, ya leƙa ruwan ya ja tsaki.

"Wannan ai ashana ta fi shi haske. Abin da zan nuna wa mutane ke nan?"

"Batirin ne ya yi sanyi, ranka ya daɗe. Yanzu za ka ga aiki."

Ya zaro tsohuwar cajarsa daga jaka, ya maƙala bakinta a batir, ya ajiye ta a kan ƙarfen jirgin. Akwai inda wayarta ta ɓare tun makon jiya, ya naɗe da baƙin salatif yana cewa zai sauya. Ya haura gada yana jan doguwar waya har ɗakin maigadi a can ƙarshe, ya jona a soket. Ko sau ɗaya Dogo bai faɗo masa a rai ba.

Yana dawowa ya ji mai jirgin na cewa, "Yauwa, ko kai fa!" Ruwan da ke inuwar gada ya yi shuɗi shar. A cikin shuɗin nan Injiniya ya hango ƙananan kifaye biyu suna yawo, cikinsu a sama. Sannan ya ga Dogo.

Dogo na daf da bayan jirgin, fuskarsa a sama, bakinsa a buɗe amma ba sauti. Hannayensa sun sandare a gaban ƙirjinsa, yatsun sun ƙanƙame. Idanunsa kawai ke motsi, kuma Injiniya suke kallo. Ruwa ya rufe masa haɓa, ya rufe baki.

"Wasa yake yi ne?" in ji mai jirgin.

Maigadi, wanda ya zo kallon fitilun, ya riga ya tuɓe takalmi zai faɗa ruwan.

"Kada ka shiga!" Injiniya ya ƙwalla ihu da wata murya da shi kansa bai san ta ba. "Akwai wuta a ruwan! Kada wanda ya taɓa jirgin!"

Ya juya ya zura da gudu. Ya ji mai jirgin na ihu a bayansa, "Ina za ka? Ka bar ɗan'uwanka!" Gadar ta ƙi ƙarewa. Ya yi tuntuɓe, gwiwarsa ta daki katako, ya tashi yana jan ƙafa. Da ya isa ɗakin maigadi ya fizge wayar da ƙarfin da ya ɓallo soket ɗin daga bango.

Ko da ya dawo, ba a ganin komai a saman ruwan sai kumfa. Maigadi ya dube shi.

"Yanzu fa?"

"Shiga. Na cire. Don Allah shiga!"

Maigadi ya faɗa. Injiniya ya durƙusa a bakin gada yana riƙe da katako, yana ƙirga numfashinsa. Ya kai goma sha ɗaya kafin maigadi ya ɓullo, hannunsa a ƙarƙashin hammatar Dogo. Su uku suka jawo shi. Jikinsa ya yi nauyi kamar buhun siminti, leɓɓansa sun yi toka-toka.

Injiniya ya ɗora hannaye a ƙirjinsa ya yi ta dannawa, yana hura masa iska a baki, yana kiran sunan Allah yana kiran sunan Dogo, ya rasa wanne ne ke fita. Ya ji wani ƙashi ya yi ƙara a ƙarƙashin tafinsa, bai daina ba. Can Dogo ya shaƙe, ya yi tari, ruwa ya kwararo ta baki da hanci.

A motar mai jirgin suka kai shi asibiti. Aka shige da shi, aka rufo ƙofa, aka bar su a kan benci.

Yaya ta iso mayafinta a hannu, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na mijinta. Tun suna yara Injiniya bai taɓa ganin ta tana gudu ba. Mai jirgin ya tare ta da bayani.

"Ki gode wa Allah, ki gode wa ƙanenki. Ni har na zage shi, na ɗauka tserewa yake. Wayoyin gadar nan ne, duk sun tsufa, na daɗe ina faɗa. Ba don shi ba da yanzu gawa biyu muke magana."

Yaya ta zauna kusa da Injiniya ta kama hannayensa biyu.

"Auta, Allah ya yi maka albarka. Da me zan ce wa yaran nan?"

Ya dubi ƙasa. Wandonsa ya yage a gwiwa, jini ya bushe a wurin. Babu wanda zai koma ya duba cajar. Mai jirgin bai san kan waya ba, maigadi ma haka. In ya yi shiru, maganar ta mutu ke nan.

"Yaya," ya ce, "ba wayoyin gada ba ne. Cajata ce. Na san wayar ta ɓare, kuma ni na jona ta yana cikin ruwa."

A hankali ta zare hannayenta ta ɗora a cinya. Mai jirgin ya zaro wayarsa ya matsa gefe kamar an kira shi.

Sun daɗe a haka kafin wata nas ta leƙo.

"Ina 'yan'uwan mai nutso? Ya farfaɗo. Haƙarƙari ɗaya ya tsage, amma yana magana. Mutum biyu kawai za su shiga."

Yaya ta miƙe ta yafa mayafinta. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Taso mana," ta ce. "Ba ni za ka gaya wa ba."

Injiniya ya dafa bencin ya tashi, ya bi bayanta yana ɗingishi.