Sifili a Bakin Shinge

Tun da Injiniya Gwadabe ya turo mata kwamfutar a kan benci, Radiya ta gane ba dubawa yake so ta yi ba, sa hannu yake so. Gobe za a kunna sabuwar taransifomar famfon ruwan Tudun Kaya, kuma ita kamfani ya turo daga Kano ta tantance lissafinsa. In ba ta sa hannu ba, ba a kunnawa.

Zanen yana kan allo, sandar tagulla ce da aka kafa a ƙasa don ta shanye wuta idan ta ɓalle. Manhajar lissafin ba ta san Tudun Kaya ba, abin da aka gaya mata kawai take bi. A kan sandar ya rubuta yawan wutar da za ta kwarara, amfiya ɗari uku, wannan daidai ne. Amma a bakin shingen waya, taku huɗu daga sandar, ya gaya mata ƙarfin wuta sifili ne. Shi ya sa duk abin da ke bayan shingen ya fito shuɗi, wai babu haɗari.

Ta ɗaga kai. Bayan shingen ga kwamin siminti, shanu suna shan ruwan da aka zubo da jarka, ƙafafunsu cikin caɓi.

"Yallaɓai," ta ce a hankali, "wa ya ce wuta tana mutuwa a shinge?"

"Ni na ce. Ɗaga murya mana, malamar jami'a."

"Sifilin nan nesa ake kai shi, inda wutar ta ƙare da kanta."

"Ke, ina hawan falwaya kina goye a bayan uwarki. Sa hannu, ba karatu na zo ɗauka ba."

Ta goge sifilin daga shingen, ta kai shi can mita ɗari, ta bar amfiyar yadda take. Kwamfutar ta yi ta juyi. Da hoton ya dawo, ja, alamar haɗari, ya tsallake shingen ya mamaye kwamin.

"Kin ɓata min aiki!"

"Saniya tana da nisa tsakanin ƙafafu, Yallaɓai, wutar da ke ƙasa za ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Ita za ta fara faɗuwa. A ƙara sanduna, ko a matsar da kwamin."

"Sati biyu ke nan. Ke za ki gaya wa mutanen gari su ci gaba da sayen ruwa? Wallahi zan rubuta wa ofis ke kika tsayar da aikin, mu ga wanda zai sake turo ki ko ƙofar gida."

Ya miƙo mata biro da takardar amincewa. Radiya ba ta iya kallon idonsa ba, amma ta ninke takardar ba tare da sa hannu ba, ta sa a jaka.

Ya fizge kwamfutarsa, ya buga ƙofar mota ya tafi ya bar ta. Sai da ta taka har bakin titi kafin ta sami ɗan acaɓa mai zuwa Ƙaraye, inda za ta hau motar Kano.