Saƙon da Khalilu Ya Riƙe

Khalilu da Shago 'yan ƙauye ɗaya ne, gabas da Minjibir, inda gonar gidan su Khalilu ta yi iyaka da ta mahaifiyar Shago. Khalilu ɗan Malam Abdulkabir ne, mai koyar da Alƙur'ani a zauren gidansa. Shago kuwa Kirista ne, ɗan Iyatu, wadda ta riƙe gona da 'ya'ya biyu ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Tare suka koyi iyo a dam ɗin Wasai, tare suka sha duka a kan haka, kuma tare suka tafi Legas neman aiki bayan sun gama sakandare.

Aikin da suka samu shi ne gyaran jiragen ruwa a wani kulob da ke bakin ruwan Legas. Jiragen tsere ne marasa inji, iska ce ke tura su. Kowanne yana da dogon ƙarfe a tsaye da ake ɗaura wa manyan ƙyallaye, a ƙarƙashinsa kuma akwai nauyin dalma da ya nutse cikin ruwa, wanda ke hana jirgin kifewa komai yadda iska ta kwantar da shi. Da kankare gindin jirgi da shafa fenti suka fara. A hankali masu jiragen suka riƙa ɗaukar su idan hannu bai cika ba. Cikin shekara takwas Shago ya zama gwanin goshin jirgi, mai ɗaga ƙyalle da sauke shi, Khalilu kuma ya iya karanta iska a fuskar ruwa fiye da wasu masu jiragen.

A farkon Oktoba kulob ɗin ke yin babbar gasarsa ta cin kofi, ta kwana uku. A wannan shekarar Dakta Ramlat, likitar idon da suke shiga jirginta, ta faɗi ta karye a hannu saura mako biyu. Ta kira Khalilu ta ce shi zai riƙe sandar tuƙi. Ba a taɓa ba ma'aikacin kulob tuƙi a wannan gasa ba. Da Khalilu ya gaya wa Shago, sai Shago ya rungume shi da hannunsa duk fenti.

Jirage goma sha huɗu suka fita ranar Asabar. Su huɗu ne a nasu: Khalilu a baya, Shago a gaba, da 'yan kulob biyu masu jan igiya a tsakiya. A tseren farko Khalilu ya makara wajen tashi, suka zo na biyar. A na biyu ya natsu suka zo na biyu. A ranar ce wayar Shago ta zame daga aljihunsa ta faɗa ruwa yana sunkuye yana kwance igiya. Ya bi ta da kallo, ya ce dama ta tsufa.

Ranar Lahadi hadari ya taso daga teku ana tsakiyar tsere. Jirgin ya kwanta har ruwa na lasar gefensa, babban ƙyallen gaba ya naɗe a jikin igiyar ƙarfen da ke riƙe da shi yana bugawa kamar zai yage. Shago ya rarrafa goshin jirgin cikin ruwan sama, ƙafa ɗaya a maƙale da ƙarfe, ya warware shi da hannu. Jirage uku suka janye a wannan hadarin. Su Khalilu suka zo na ɗaya. Da aka haɗa maki da yamma, su ne na biyu a gasar, maki ɗaya tak tsakaninsu da jirgin da ke gaba. Saura tsere ɗaya, ranar Litinin.

Khalilu yana fitowa daga sallar la'asar wayarsa ta yi ƙara. Loveth ce, ƙanwar Shago.

"Yaya Khalilu, tun safe nake kiran Yaya Shago ba ta shiga," ta ce. Muryarta a dashe take. "Inna ce ta faɗi a gona jiya. Ɓarin jikinta ya shanye. Muna asibiti a Kano. Maganarta ba ta fita sosai, amma sunansa take kira. Likita ya ce duk wanda zai zo ya zo."

"Innalillahi. Yanzu zan gaya masa," in ji Khalilu.

Da niyyar hakan ya nufi rumfar da ake ajiye kaya. Shago na zaune a ƙasa da ƙyallen da ya ceto a cinyarsa, yana ɗinke wata 'yar yagewa, yana 'yar waƙarsa ta coci. Khalilu ya tsaya a bakin rumfar. Ya san motar Kano na tashi ƙarfe bakwai na yamma, kuma akwai lokaci. Ya kuma san babu wani a kulob ɗin da zai iya aikin Shago gobe. Ya ce a ransa, kwana ɗaya ne. Inna Iyatu mace ce mai ƙarfi, an sha ganin masu irin wannan ciwon sun yi shekaru. Gobe da azahar an gama.

Shago ya ɗago kai. "Wa ya kira ka? Na ga fuskarka ta canza."

"Daga gida ne," in ji Khalilu. "Suna gaishe ka."

"Ina amsawa. Riƙe min nan in ja zaren."

Khalilu ya durƙusa ya riƙe masa. Da suka gama ya kashe wayarsa, ya tura ta ƙasan jaka.

Ranar Litinin iska ta yi laushi, irin wadda sai mai haƙuri ke cin moriyarta. Khalilu ya tashi daidai da busar ƙaho, ya bi gefen da igiyar ruwa ke taimakawa. Sau biyu abokan hamayyarsu suka sha gabansu, sau biyu suka ƙwace. Duk lokacin da ya dubi gaba don ya ga alamar da aka sa a ruwa inda jirage ke juyawa, bayan Shago yake fara gani. Sau ɗaya hankalinsa ya tafi har jirgin ya kusa tsayawa, sai da Shago ya waiwayo ya ce, "Khalilu, ina ka tafi?" A juyawar ƙarshe Shago ya ɗaga ƙyallen gaba cikin ƙiftawar ido, ya cika da iska kafin na ɗayan jirgin ya buɗe. Da tsawon rabin jirgi suka riga su tsallake layin ƙarshe, kofin ya zama nasu.

Dakta Ramlat na jiran su a bakin ruwa da hannunta a rataye, tana dariya har da hawaye. Khalilu bai tsaya an ɗauki hoto ba. Ya shiga rumfa ya kunna wayar. Kira goma sha ɗaya, duk na Loveth. Ya fito ya ja Shago gefe.

"Loveth ta kira yanzu," ya ce. "Inna ba lafiya, tana asibiti. Mu tafi yau."

Suka bi motar yamma. Shago ya karɓi wayar Khalilu ya yi magana da ƙanwarsa a taƙaice, ta ce su dai yi sauri. Sun wuce Kaduna da hantsin Talata ta sake kira. Iyatu ta rasu da asuba. Shago ya miƙa wa Khalilu wayar, ya jingina goshinsa da kujerar gaba har Kano. Khalilu ya yi lissafin da bai so yi ba: da motar Lahadi suka bi, da tun la'asar ɗin Litinin Shago na gefen gadonta.

Ranar Laraba aka binne ta a bayan cocin ƙauyen. Malam Abdulkabir ya zo da maƙwabta suka zauna a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidan suna karɓar gaisuwa tare da dangi. Loveth ta kawo wa kowa ruwa. Da ta zo kan Khalilu ta ajiye kofin a ƙasa ta wuce, ba ta dube shi ba.

Gyaɗar Iyatu ta isa cira, babu mai cire ta. Khalilu ya ɗauki fartanya ya shiga gonar tun da sassafe, kwana uku a jere, ba wanda ya sa shi. Mutane suna wucewa suna sa masa albarka, suna cewa Shago ya yi dacen aboki. Kowace albarka sai ya ji ta kamar an ɗora masa dutse. Abinci ma ya daina shiga.

A rana ta uku mahaifinsa ya kira shi zaure bayan azahar.

"Wannan aikin da kake yi ba na zumunci ba ne kaɗai," in ji Malam. "Me ka yi?"

Khalilu ya gaya masa duka, kansa a ƙasa. Sai Malam ya ce:

"Matar nan ita ta yi ta ɗawainiya da kai lokacin da mahaifiyarka ta kwanta ciwo wata huɗu. Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Ajalinta ba a hannunka yake ba, kada ka ɗora wa kanka wannan. Amma saƙo amana ne, kuma ka ci ta. Istigfari za ka yi, sai dai haƙƙin ba nawa ba ne, ba kuma gyaɗa ce za ta biya shi ba. Je ka same shi."

Ya tarar da Shago a gonar yana juya gyaɗar da aka cire don ta sha rana. Dawar gonakin kewaye ta fitar da kai, ta fi mutum tsayi, babu mai ganin su daga hanya.

"Shago, ba ranar Litinin Loveth ta kira ba," in ji Khalilu. "Ranar Lahadi ce, da la'asar. Lokacin da kake ɗinki ka tambaye ni."

Shago bai daina aikinsa ba. "Na sani. Ta gaya min tun ranar da muka iso."

"Ka sani, ba ka ce komai ba?"

"Ina jira in ga ko za ka faɗa."

Khalilu ya durƙusa a kan kunya. "Na cuce ka. Ba ni da hujja. Kofin nake so, shi ke nan. Ka yafe min."

Sai a lokacin Shago ya ajiye damin da ke hannunsa ya zauna. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka san abin da ke hana ni barci? Ni ma ina son kofin nan. Tun da Loveth ta gaya min nake tambayar kaina, da ka faɗa min a rumfar nan, zan ajiye allurar in tafi tasha, ko zan ce bari a gama gobe? Wani lokaci in ce lallai da na tafi. Wani lokaci ban sani ba. Da ka bar ni na zaɓa, ko me na yi nawa ne. Yanzu har in mutu ba zan sani ba."



"Loveth ta ce har daren Litinin Inna tana juya ido wajen ƙofa," in ji Shago. "An gaya mata saƙo ya same ni. Ta tafi tana zaton na ji na ƙi zuwa."

Nan Khalilu ya fashe da kuka. Shago ya bar shi ya yi, bai rarrashe shi ba, bai kuma tashi ya tafi ba.

"Zan yafe maka," ya ce daga baya. "Addinina ya ce in yi, naka ma haka. Amma ba yau ba. Kada ka matsa min."

Suka ƙarasa juya gyaɗar tare, kowa a nasa layin.

Khalilu ya koma Legas shi kaɗai. Ya je wurin Dakta Ramlat ya gaya mata yadda aka ci gasar. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce da ta sani da ita da kanta za ta kai Shago filin jirgin sama a daren Lahadin, ko da za su janye. Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Shago ya zauna a gida har aka yanke dawa aka kai rumbu, sannan ya dawo bakin aiki. Suna gaisawa da safe, suna miƙa wa juna kayan aiki, wani lokaci su ci abinci a kwano ɗaya. Amma da aka fara rubuta sunayen masu fita tseren sabuwar shekara, Shago ya nemi a sa shi a wani jirgin, aka sa shi. Khalilu ya ga takardar a jikin allo, ya karanta, bai tambaye shi dalili ba.