Sikelin Baba

Tela ya ɗora zare biyu a kan yadin, ya fito bakin shago inda haske yake, kamar yadda ya saba shekara talatin. Dukansu shuɗi ne, ɗaya ya ɗan fi duhu. A da kallo ɗaya yake yi ya ajiye wanda bai dace ba. Yau har mai rigar ta gaji da zama ta ce za ta dawo, shi kuwa yana nan tsaye.

"Wannan ya fi ƙarko," in ji shi. "Amma wancan ba ya nuna ɗinki. Sai dai kuma..."

Autarsa na zaune a benci, tausayinsa ya cika ta. Wata huɗu ke nan da aka cire masa ƙari a bayan goshi. Hannu lafiya, ido lafiya, surutu kuwa sai abin da ya ƙaru. Likita ta yi mata bayani cewa akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da ke ɗora komai a sikeli ɗaya, shayi ne ko barci ko zare, ya ce wannan ya fi. Nan aikin ya taɓa. Baba ya san dalilai kaf, nauyinsu ne ba ya ji.

Tun daga nan ita ta zama sikelin, har rigar da zai sa da safe ita ke zaɓa. Ga shi kuma an ɗauke ta aikin jinya a wani asibiti mai nisa. Gobe wa'adin kama aikin zai cika, motar ƙarfe huɗun yau ce ta ƙarshe. Sau uku tana haɗa jakar da ke gefenta tana kwancewa, har ta fara zargin ko ciwon na gado ne.

"Baba, mai duhun," ta ce.

Ya yi ajiyar zuciya, ya koma kan keke. Yana zura zare a allura ya ce, "Yayarki ta faɗa min zancen aikin."

Ta ɗago kai da sauri. "Yaya dai ba ta iya riƙe magana. Ni ba inda za ni. Wa zai..."

"Ki tafi."

Ta jira "amma", ta jira "sai dai kuma". Sai keke ya fara ƙara.

"Haba Baba! Zare biyu sun tsayar da kai rabin awa, wannan ko numfashi ba ka ja ba?"

"Ai ba yau na auna shi ba, auta. Tun kina goye na gama, lokacin kan yana da kyau. Tashi kar mota ta bar ki."

Ta ɗauki jakar, idonta cike da ƙwalla. A bakin ƙofa ta waiwaya. Keken ya tsaya, maɓalli biyu na tafin hannunsa, yana kallon wannan yana kallon wancan. Da ya ga ta juyo, sai ya dunƙule hannun ya tura ƙarƙashin yadin.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce.